Girki Ba Murhu: Iyakar Tukunyar Sannu da Maikirowef

A biranen Amurka da Ingila akwai ɗimbin mutanen da ke kwana su tashi a ɗakunan da babu murhu, ba na gas ba, ba na lantarki ba. Cikinsu akwai ɗaliban jami'a da dokar ɗakin kwana ta hana su ajiye duk wani abin girki mai buɗaɗɗiyar wuta, akwai masu hayar ɗaki ɗaya tilo a gidan da ba su da rabo a kicin, akwai iyalan da rashin muhalli ya tura zaman ƙananan otal wata da watanni, akwai kuma waɗanda aka farke musu kicin ana gyara. Hanin da jami'o'i da masu gidaje ke yi yana da dalili, domin ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana nuna cewa girki ne kan gaba wajen haddasa gobarar gidaje a ƙasar, kuma yawancinta a kan murhu take tashi. Abin da yakan rage wa irin waɗannan mutane, in sun yi sa'a, abu biyu ne: maikirowef, da tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda Amurkawa suka fi sani da Crock-Pot, mu kuma za mu kira ta tukunyar sannu. 'Ya'yanmu da ke ƙetarawa karatu suna cikin wannan sahu, kuma da yawansu sukan yanke ƙauna tun makon farko, su koma rayuwa a kan Indomie da burodi da abincin kanti. Zaton da ke sa su haka shi ne wanda ya rasa murhu ya rasa girki. Hujja ba ta goyi bayan wannan zato ba. Na'urorin nan biyu sun isa su ciyar da mutum lafiyayyen abinci na gida, muddin ya fahimci irin zafin da kowace ke bayarwa, ya kuma yarda cewa akwai abu guda da ba za su taɓa yi masa ba.

Asalin kowace ya nuna aikin da aka ƙera ta dominsa. Maikirowef ya fito ne daga binciken na'urar hango jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon mai suna Percy Spencer ya lura alewar cakulan da ke aljihunsa ta narke yana tsaye kusa da wata na'ura da ake kira magnetiron, daga nan kamfanin ya nemi rajistar ƙirƙirar. Na farkon da aka sayar a 1947, mai suna Radarange, tsayinsa ya kusa mita biyu, nauyinsa ya haura kilo 300, don haka sai gidajen abinci da jiragen ruwa ne suka iya da shi. Sai a 1967 kamfanin Amana ya fitar da wanda ake ɗorawa a kan tebur, a kan dala 495. Ita kuwa tukunyar sannu tushenta addini ne. Irving Naxon, wani Bayahude mazaunin Chicago, ya ji labari daga mahaifiyarsa cewa a garinsu na Vilna, a Lituweniya, tunda ba a hura wuta ranar Asabar, iyalai kan kai tukwanensu na wake da nama gidan mai burodi da yammacin Juma'a, a tura su cikin tanda da ke hucewa, su kwana suna nuna. Ya ƙera tukunyar lantarki da ke kwaikwayon wannan zafi, ya sami rajista a 1940. Kamfanin Rival na Kansas City ya saye ƙirar a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke tururuwa zuwa aikin albashi suna neman abin da za su ɗora da safe su tarar ya nuna da yamma. Ɗaya an yi shi don mai mintoci biyar, ɗayar don mai awa takwas da ba zai kasance a gida ba.

Duk da wannan tazara, dabara ɗaya suke bi, wato dafa abinci da ruwa. Maikirowef yana watsa igiyoyin lantarki masu kai-komo kusan sau biliyan biyu da rabi a kowace daƙiƙa, su kuma ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci suna ta jujjuyawa don bin su, wannan motsi shi ke zama zafi. Maganar da ake yi cewa yana dafawa daga ciki zuwa waje ba gaskiya ba ce. Igiyoyin santimita kaɗan suke ratsawa, daga nan zafin da kansa yake rarrafawa zuwa tsakiya, shi ya sa ake cewa a bar abinci a rufe na minti biyu ko uku bayan na'urar ta tsaya, kuma wannan jira wani ɓangare ne na dahuwar. Duk abin da ke da ruwa a jikinsa kuma ba ya buƙatar dogon lokaci, to maikirowef gwaninsa ne: alayyafo, zogale, ɗanyar kuɓewa, kabewa, karas, dankali, doyar da aka yanka ƙanana, kifi, ƙwai da aka fasa aka kaɗa, kunu, har da shinkafa idan an sa ta a babban kwano an rage ƙarfin wuta bayan ta tafasa. Masu raina shi suna ɗaukarsa na'urar ɗumame kawai sun manta cewa tun 1987 marubuciyar girki Barbara Kafka ta wallafa littafi sukutum, Microwave Gourmet, a kan dafa abinci daga ɗanye da shi.

Tukunyar sannu kuma kasko ne na tangaran mai kauri, zaune cikin gidan ƙarfe mai waya da ke ɗumama shi ta ƙasa da gefe. Wutar da take ja ƙalilan ce, yawanci ba ta wuce wat 300 ba, kuma abin da ke cikinta yakan tsaya ne ƙasa kaɗan da tafasa, yana ɓararraka a hankali har tsawon yini. Amfanin wannan yana ga nama mai tauri. Jijiya da ganda da guringuntsi cike suke da wani sinadari mai suna kolajin, wanda gaggawar wuta ba ta karya shi, amma idan ya daɗe a zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyos sai ya narke ya zama wannan danƙo da ke sa romo kama leɓe. Saboda haka ƙafar sa, jelar sa, kan rago, kayan ciki, tsohuwar kaza, wato dai naman da ya fi arha a kasuwa kuma ya fi cin itace da gas, shi ne ya fi dacewa da ita. Karin maganar da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa kamar da wannan tukunya ake. Farfesun da za a tsaya a kansa ana ƙara ruwa ana iza wuta, a nan zuba kayan kawai za a yi da safe a rufe a tafi. Sai dai tana da ɗabi'unta. Ruwa ba ya ƙonewa a cikinta domin tururi na komawa ƙasa daga murfi, don haka wanda ya zuba ruwa kamar yadda ya saba a kan murhu zai tarar da miya tsararo. Ana cika ta ne tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku. Dankali da karas sun fi nama jinkirin nuna a cikinta, su ake sawa a ƙasa. Yawan buɗe murfi kuma yana zubar da zafin da sai an daɗe kafin ya dawo.

Idan aka haɗa su biyun, yawancin abin da Bahaushe ke ci a mako yana samuwa. Miyar kuka ba ta buƙatar komai sai romon nama da daddawa da kayan yaji da suka daɗe tare, sannan a kaɗa kukar a ƙarshe, wannan kuwa aikin tukunyar sannu ne tsantsa. Miyar taushe haka take: kabewa da nama da gyaɗa su yini a ciki, ganye ya shiga saura 'yan mintoci. Wake, fate, dafa-duka, duk suna yiwuwa, in dai an bar shinkafa ko taliya zuwa ƙarshe don kada su caɓe. Tuwon shinkafa ma caɓewar ake nema, don haka a bar ta ta yi ligif a tukunya sannan a tuƙa. Tuwon semo da makamantansa an daɗe ana yin su a maikirowef a gidajen 'yan Afirka mazauna Turai: a dama gari da ruwa a babban kwano, a sa mintoci kaɗan, a fitar a tuƙa, a yayyafa ruwa a mayar, har sai ya yi sulɓi ya daina warin ɗanye. Alale yana nuna cikin mintoci a kofin tangaran. A nan sai a kula, domin abubuwa biyun da muka saba zuba alale a ciki, gwangwani da leda, dukansu ba sa shiga maikirowef. Ƙarfe yana tartsatsi, leda tana narkewa. Kwanon silba da na samira ma ƙarfe ne, fentin da ke jikin samira bai canza komai ba.

Babbar sukar da ake yi wa wannan tsari ita ce ta ɗanɗano, kuma rabinta gaskiya ne. Ƙamshin tsire da na soyayyen nama, da jan bayan ƙosai, da ɓawon gurasa, duk sun samo asali ne daga wata haɗuwa tsakanin sukari da sinadaran furotin, wadda masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa ba ta kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140. Ruwan da ke tafasa kuwa ba ya wuce digiri 100, komai daɗewarsa a kan wuta. Muddin abinci na jiƙe, wannan ne iyakar zafinsa, kuma na'urorin nan biyu a jiƙe suke aiki. Ke nan babu ƙosai, babu waina, babu fanke, babu balangu, kuma duk wanda ya ce maka akwai dabarar yin su a ciki yaudararka yake yi. Inda sukar ta wuce gona da iri shi ne inda take ɗauka cewa duk daɗin abinci daga suya yake zuwa. Miyar gargajiya ta Hausa ba a kan suya aka gina ta ba tun asali. Daddawa, busasshen kifi, citta, kanumfari, masoro, kimba da tafarnuwa su ne ƙashin bayanta, kuma dogon zama cikin romo shi ke fito da su. Ko jar miya, wadda ta dogara da soya kayan miya, tana da mafita. Mai ba ruwa ba ne, yana iya zarce digiri 100 a maikirowef, don haka albasa da aka yayyanka cikin ɗan mai a buɗaɗɗen kwanon gilashi takan yi laushi har ta fara ja idan ana fitarwa ana juyawa. Markaɗen tumatir da tattasai ma a buɗe ake sa shi ruwansa ya tsane tsaminsa ya tafi, kafin a juye shi a tukunyar sannu. Wanda ya tsallake wannan mataki ya zuba ɗanyen markaɗe kai tsaye, shi ne zai dawo yana cewa tukunyar ba ta iya miya ba.

Suka ta biyu ita ce tsoron cewa maikirowef yana sa wa abinci guba ko yana jawo ciwon daji. Wannan tsoro ya yaɗu ƙwarai, saƙonnin WhatsApp ma na ƙara hura shi, amma ba shi da tushe. Igiyoyinsa dangin na rediyo ne, ba dangin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ba. Ba su da ƙarfin lalata ƙwayar halitta, iyakarsu su ɗumama, kuma da zarar na'urar ta tsaya sun ɓace, ba sa zama cikin abinci. Ragar ƙarfen da ke jikin gilashin ƙofa ita ke tsare su, domin tsawon igiyar ya kai wajen santimita 12, ramukan ragar kuwa ba su fi kan allura da yawa ba. Tun 1971 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, take aiki da ƙa'idar iyakance abin da zai iya tsiyayowa, da tilasta makullan da ke kashe na'urar da zarar an buɗe ƙofa. Abin gudu shi ne wanda ƙofarsa ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa sosai, abin da ya kamata mai sayen na hannu ya duba da kyau. Batun kashe sinadaran abinci ma juye yake. Abin da ke cinye bitamin C shi ne dogon zafi da yawan ruwan da ake zubarwa, maikirowef kuwa gajeren lokaci yake ɗauka da ruwa kaɗan, don haka ganyen da aka turara a cikinsa yakan fi wanda aka tafasa aka tsane riƙe amfaninsa. In akwai wadda za a tuhuma a nan, tukunyar sannu ce, kuma maganin shi ne ganye ya shiga a ƙarshe.

Haɗarin gaske yana wani wuri da ba a cika kallo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma tukunyar sannu a hankali take ƙetare wannan tazara. Idan aka jefa mata ƙanƙararren nama kai tsaye daga firiza, zai shafe awoyi a cikin wannan zango kafin ya yi zafi, shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka, USDA, ke cewa a narkar da nama tukuna. Saboda dalili ɗaya ba a ɗumame a cikinta. Ɗumame aikin maikirowef ne, shi ma da nasa sharaɗin, domin zafinsa ba ya bazuwa daidai, yakan bar gurbi mai sanyi kusa da gurbi mai ƙuna. Faifan da ke juyawa yana rage matsalar amma ba ya kawar da ita, dole a tsaya a gauraya a mayar, har ko'ina ya ɗauki tururi. Ga kaza da abincin da ya kwana, ma'aunin da ake nema a tsakiya digiri 74 ne, kuma ɗan tsinken auna zafin abinci, mai arha, shi ne kaɗai ke tabbatar da hakan. Shinkafa tana da nata sharrin. Wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus tana tsira daga dahuwa, idan aka bar shinkafa a ɗaki ta kwana sai ta farfaɗo ta zuba dafin da ɗumame ba ya kashewa. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar a sanyaya ta cikin awa guda a sa a firij, a kuma cinye washegari. Wannan ya nuna cewa zancen na'ura biyu a gaskiya zancen uku ne, domin ba firij tsarin ba ya tsayuwa.

Akwai wani tarko da ya fi kama baƙo. Jan waken nan mai siffar ƙoda da ya cika kantunan Turai da Amurka ba jinsin wakenmu ba ne. Yana ɗauke da wani dafi na halitta da sai tafasa mai ƙarfi ke karya shi, bayan an jiƙa shi aƙalla awa biyar an zubar da ruwan. FDA ta bayyana cewa ƙwaya huɗu ko biyar da ba su nuna ba sun isa su jawo amai da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku, ta kuma ambaci tukunyar sannu musamman, domin a ƙaramar wuta ba lalle ta kai zafin da ake buƙata ba. Waken zai iya yin laushi a baki alhali dafin na nan. Wanda ba shi da murhun da zai tafasa shi sosai, ya sayi na gwangwani, wanda aka riga aka dafa a masana'anta, ko ya nemi farin wake mai baƙin ido irin namu. Sauran ƙananan haɗurran a taƙaice: ƙwai da ɓawonsa yana fashewa a maikirowef, ruwa zalla a kofi mai santsi yana iya zarce tafasa ba tare da ya nuna ba sannan ya yi tsalle idan an sa cokali, madarar jariri kuma tana iya ƙona baki alhali kwalbar ba ta yi zafi a hannu ba.

Saura tambayar ko wannan tsari zai yi aiki a Kano ko Maraɗi, kuma a nan lissafin kuɗi da lissafin wuta sun saɓa. Tukunya mai jan wat 200 da ta yi awa takwas ta ci yunit 1.6 a mita, kusan abin da hotfilet mai wat 1,500 ke ci a awa guda, alhali ƙafar sa ba ta nuna a awa guda. Maikirowef yana jan wuta da yawa, sau da dama sama da wat 1,000, amma na mintoci ne. Ta fuskar arha, ke nan, babu abin kushewa. Matsalar ita ce tukunyar sannu tana buƙatar wutar da ba za ta yanke ba daga safe zuwa yamma. A Najeriya, rukunin masu shan wutar lantarki da ya fi kowa gata, Band A, alƙawarin awa 20 aka yi masa a rana, rukunin ƙarshe kuwa awa huɗu, kuma babu mai tabbacin lokacin da za a ɗauke. Shawarar USDA a kan haka ba ta da sassauci: idan wuta ta ɗauke ba ka gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna, domin ba ka san awa nawa ya yi yana hucewa ba. Ƙaramin janareta kuma ba ya ɗaukar maikirowef. Gidan da ke da sola da batir mai kyau zai iya riƙe tukunyar sannu, tunda abin da take ja kaɗan ne, amma ga mai dogaro da wutar gwamnati kaɗai, jingina abincin iyali a kan waɗannan biyu ganganci ne, gara su zauna a matsayin mataimakan murhun gas.

Ga ɗalibin da ke shirin tafiya, da iyayen da ke haɗa masa kaya, shawarar ita ce a fara karanta dokar ɗakin kwanan kafin a kashe ko sisi, domin jami'o'i da yawa da suka halatta maikirowef sun haramta tukunyar sannu a ɗaki, sai dai a kicin ɗin da ɗalibai ke tarayya. In an halatta, a nemi matsakaiciyar tukunya, da kwanon gilashi mai murfi, da tsinken auna zafi. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa kuwa, a bincika ko ƙasar ta yarda a shigo da su, a kuma bayyana su ga jami'an kwastan a filin jirgi, domin a Amurka rashin bayyana kayan abinci laifi ne da ake cin tara a kansa.